Danƙon Motar Baba

Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo tun asuba, duk na gani. Lubabatu ta Kibiya, ke da kika rantse ba za ki ɗora tukunya ba sai kin ji abin da ke cikin motar nan, tashi ki ɗora, yaran ba su yi miki laifin komai ba. Ga shafinku.

* * *

Hidaya ta dire bokitin ruwan ɗumi a gindin rumfa, ta tsaya tana kallon Mai Haƙuri. Sunan da marigayi babansu, Malam Isiyaku direba, ya raɗa wa motarsa ke nan, kuma duk wanda ya taɓa hawanta tsakanin Rano da Kibiya ya san ba a banza ta ci sunan ba. Shekara biyu ke nan tun rasuwarsa tana fake a nan, kaji na hutawa a ƙarƙashinta. Yau bayan La'asar Jabiru zai zo daga Kibiya ya ja ta, ya riga ya saya. Abu ɗaya ya roƙa, a raba masa ita da danƙon nan kafin ya iso.

Danƙo kuwa akwai shi. Zafin bazara biyu ya dafa robar cikin motar har ta narke. Dashbod, mariƙin ƙofa, kan giya, maɓallan rediyo, duk inda ka ɗora hannu sai ya riƙe ka kamar alewar da ta kwana a aljihu. Gashin kaza da matattun tururuwa duk sun manne sun samu wurin zama.

Tun kafin ta ƙarasa warin ya tare ta.

"Yaya Murtala! Fetur nake ji?"

Yayan nata ya leƙo ta tagar direba, tsumma a hannu, gumi har haɓa.

"To da turaren wuta kike so in sa mata?"

"Innalillahi. Nuna min inda ka taɓa."

Ya nuna mata mariƙin ƙofa yana murmushin wanda ya gama babban aiki. Danƙon ya fita kam. Sai dai robar ta yi fari fat, ta yi dabbare-dabbare kamar tsohon kwanon da fentinsa ya ɓare.

"Ka ƙone ta."

"Na ƙone me? Taɓa ki ji, ba ta kama hannu."

"Ina za ta kama tunda ka kashe ta? Fito. Don Allah fito."

Murtala mutumin kirki ne, amma in ka ce ya cire maka ƙaya a ƙafa da gatari zai zo.

Jiya sai da Hidaya ta taka har bakin tasha wurin Mahdi mai wankin mota ta tambaya. Ya ce ruwan ɗumi da sabulu tukuna, da tsohon buroshin haƙori saboda lunguna. Inda ya ƙi fita, a ɗiga sifirit na kemis a tsumma, a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, a bi a hankali. Sannan ya ƙara wata magana da ta tsaya mata a rai.

"Danƙon nan ba datti ba ne," in ji shi. "Fatar robar ce da kanta ta tsufa ta narke. Sifirit ba wanke ta yake ba, kwashe ta yake. Duk abin da ke jikinta tare za su tafi."

Abin da ke jikinta kuwa shi ya fito da Hidaya da bokiti.

A gaban kujerar mai zaman banza akwai ɗan akwati, a cikin murfinsa akwai rubutun Baba. Shekara ashirin da 'yan kai, duk macen da naƙuda ta kama a ƙauyukan Zurgu da Yalwa har zuwa Kibiya, Malam Isiyaku ake aika wa. Ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa hanya ta ɓaci. Wasu sukan kai asibiti a Rano. Wasu kuwa jariran ba sa jira, sai a kujerar baya. Duk wanda aka haifa a motar, in an yi suna, Baba zai buɗe akwatin, ya sa bakin makulli ya karce a jikin robar da ajami: sunan yaro, inda aka tsaya, sunan uwa. 'Ya'yan Mai Haƙuri yake kiransu.

Baba bai bar wasiƙa ba, bai bar littafi ba. Allonsa ma wani ya ara bai dawo da shi ba. In ban da murfin nan, babu inda rubutun hannunsa ya rage a duniya.

"Ki ɗauki hoto a waya mana," in ji Murtala yana goge hannu a wando.

"Na ɗauka. Baƙi a kan baƙi, datti ya cike rubutun, ba abin da ya fito. Sai na wanke saman a hankali, in kwafe su a littafi."

"Kuma duk kafin La'asar?"

"To ka bar ni in kwance murfin in ajiye."

"In ce wa mutum me? Mota ya saya, ba giɓi ba." Ya sosa ƙeya. "Ni dai Inna ta ce da murfin ma zan fara. Ta ce in goge shi tas."

Hidaya ta juyo.

"Inna ce ta faɗa?"

"Sau biyu. Har ƙofar ɗakina ta biyo ni."

Inna Lami, mahaifiyarsu, tun ranar da aka ɗauki gawar Baba ba ta ƙara kallon inda motar take ba. In za ta shanya ma zagayewa take. Me ya haɗa ta da murfi yau?

"Ka ba ni zuwa Azahar, Yaya."

"Na ba ki. Zan kai batir a yi caji. Yau kasuwa, in Goggo Jannatu ta kawo nono ki ce ta ajiye min kindirmo."

"Ka bar wa Inna saƙon. Ni matar nan ko kallona ba ta yi."

"Ke dai kin fara."

"Ƙarya na yi? Kai tana ce maka Murtala, 'yar maƙwabta Nana Aisha, har akuyar gidan nan ta san sunanta. Ni kuwa 'yarinyar nan'. Shekara nawa? Ban san me na yi mata ba."

Ya ɗaga batir a kafaɗa ya fice yana dariya.

Goggo Jannatu Bafulatana ce daga rugar bayan Zurgu. Tun Hidaya ba ta da wayo take kawo nono gidan nan duk ranar kasuwa. In Hidaya ta miƙo kwano, sai ta zuba tana kallon ƙasa. In ta gaishe ta, sai ta amsa wa bango. Da Hidaya ta girma sai ita ma ta rama, ta daina fitowa in ta ji sallamarta.

Ta shiga motar ta zauna a kujerar gaba. Ƙamshin nan ya buge ta ta ƙarƙashin warin fetur, goro da man juye da ɗan turaren da Baba ke shafa wa hularsa ran Juma'a. Sai da ta rufe ido.

Nan ne wurinta. Duk hutun makaranta a nan take zama, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, kaset na karatu, Baba na tuƙi da hannu ɗaya yana ɗaga wa duk mai keke ɗayan. Fasinja ya zo yana neman gaba, sai Baba ya ce, "Gaba akwai Hajiya," ya nuna ta. Har alhazai ya mayar baya saboda ita.

Ta matse tsumma ta fara da dashbod, don hannunta ya saba kafin ta taɓa murfin. Ruwan sabulu ya kwashe saman, ya bar danƙon. Ta ɗiga sifirit ta gwada a ƙasan sitiyari inda ido ba ya kai wa. Tsumman ya dawo baƙi ƙirin, wurin kuwa ya fito sumul, ba danƙo, ba komai. Mahdi ya yi gaskiya.

A gefen rediyo ta tarar da wani farin abu ya daskare. Ta kankara da farce, sai dariya ta ƙwace mata. Hodar jarirai ce. A shekarun ƙarshe da robar ta fara kama hannu, dabarar Baba ke nan, ya barbaɗa mata hoda duk safiya, har direbobin tasha suka riƙa tsokanarsa wai ya yi wa amarya kwalliya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba hawaye ya biyo ta. Ta yi kewarsa, kewa mai ciwo, irin wadda ba a gaya wa kowa.

Ta buɗe akwatin.

Ta tsoma buroshi a ruwan ɗumi, ta bi layin ƙasa a hankali kamar mai wanke wa jariri kunne. Datti ya fara fita daga ramukan rubutun. Ga hannun Baba, mai karkata hagu. Shi ya koya mata ajami a kan wannan murfin, da yatsarta a cikin hannunsa.

Sadiƙ. Gadar Yalwa. Uwarsa Hadiza.

Ta kwafe a littafi. Ta tuna Sadiƙ ɗin, yanzu kakin sakandare yake sawa. Ranar da aka haife shi Baba ya dawo gida ba riga, ya ce an naɗe baƙo a ciki.

Khalid. Bakin kasuwar Kibiya. Uwarsa Nana.

Halimatu Sa'adiya. Gindin tsamiya. Uwarta Lubabatu.

Tana hawa sama tana kwafewa, layi bayan layi, har rana ta fara leƙowa ta hudar kwanon rumfar. Ashirin da biyu.

Sai ta tuna gardamarsu. Kullum Baba cewa yake 'ya'yan Mai Haƙuri ashirin da uku ne. Ita kuwa ko sau nawa ta ƙirga ɗaya ba ya cika.

"Baba, ka yi kure."

"Ban yi ba, Hajiya. Ɗaya tana ƙarƙashin addu'a."

Ta ɗauka wasa ne irin nasa. A can saman murfin akwai ɗan kati na addu'ar tafiya da ya manna da gam tun kafin ta iya karatu. Yanzu robar da ke bayansa ta narke, katin ya zame ya karkace, kusurwa ɗaya ta ɗaga. A ƙarƙashinta akwai ƙafar wani harafi.

Ta kai hannu.

"Bar shi."

Inna Lami ce tsaye a bakin ƙofar direba, mayafi a kafaɗa. Hidaya ba ta ji takunta ba.

"Inna?"

"Ina yayanki?"

"Ya kai batir."

"Na ce masa ya goge abin nan tun safe."

"Ni na hana shi. Inna, rubutun Baba ne fa."

Inna ta buɗe ƙofa ta shigo ta zauna a kujerar Baba. Hannunta ya taɓa sitiyari ya manne, ta janye shi da sauri. Ta ɗan jima tana kallon tafinta.

"Har yanzu tana ƙamshinsa," ta ce a hankali.

"Tana yi."

"Ran da ya kawo ta gidan nan sai da ya zagaya da ni Rano sau uku. Na ce Malam mutane na kallo. Ya ce ai don su kalla ya saya." Ta yi ɗan murmushi, ya ɓace. "Kin kwafe?"

"Saura ɗaya."

"Babu saura. Ba ni tsumman."

"Akwai rubutu a ƙarƙashin katin."

"Na ce ba ni."

"Bari in gani kawai, in kwafe, sai ki—"

"Hidaya! Ni kike mayar wa magana?"

Tunda take, Inna ba ta taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta miƙa tsumman da hannu biyu.

Inna ta ɗauki kwalbar sifirit. Ba ɗigawa ta yi ba, tuttulawa ta yi har yana zuba a zaninta. Ta miƙa tsumman kan murfin, gefen hannunta ya goge katin, katin ya faɗo a cinyar Hidaya.

Layin ya fito tsaf. Shi kaɗai ne datti bai taɓa shiga ba.

Hidaya. Kwanar Zurgu. Uwarta Jannatu.

Tsumman ya sauka. Hidaya ba ta san lokacin da ta cafke wuyan hannun mahaifiyarta ba. Suka tsaya a haka, ba mai numfashin kirki. Da Inna ta saki, tsumman ya faɗi ƙasa, tsakiyar layin ta tafi. Kwanar Zurgu ta shafe, robar wurin ta yi sumul. Sunaye biyu suka rage, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

"Wata Hidayar ce?" Muryarta ta fito siririya. "Inna, ki ce wata ce."

Inna ta kawar da kai.

"Ai Hidaya suna da yawa. Ko a Islamiyyarmu mu uku ne."

"Sakar min hannu."

"Inna."

"Sakar min, ba zan ƙara taɓawa ba. Na gaji."

Ta saki. Inna ta jingina kanta da kujera tana kallon rufin motar.

"Da damina ne," ta ce. "Watansa biyu da sayen motar. Ni kuma na haihu, mace, aka yi suna, bayan kwana biyu ta koma. Ina zaune a ɗaki nono na zuba a rigata, ba mai sha. Na daina ci, na daina magana. Babanku har tsoron fita yake ya bar ni."

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Yi shiru, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Rannan da hantsi ana ruwa aka aiko daga ruga. Wata yarinya ce, cikin fari, mijinta ya rasu tana da wata biyar. Ya ɗauko ta da wata tsohuwa. Ba su wuce kwanar Zurgu ba kika zo. A kujerar nan ta baya."

Hidaya ta kasa waiwayawa.

"Jini ya ɓalle mata. Ya kai ta asibiti ba ta san inda kanta yake ba, daga nan aka wuce da ita Kano. Tsohuwar ba ta da abin ba ki. Sai ga shi ya shigo min ɗaki a jiƙe sharkaf, ke a cikin babbar rigarsa, kina ta tsala kuka. Ya ce, 'Lami, ga baƙuwa, yunwa take ji.' Bai ƙara komai ba."

"Kika karɓa."

"Na karɓa? Fizge ki na yi."

Hawaye ya gangaro mata har kunne, ba ta share ba.

"Wata huɗu ta yi a kwance. Da ta miƙe ta zo ɗaukarki. Na yi miki wanka, na sa miki kaya, na ɗaure kayanki a ɗankwali, Allah ya gani ban hana ba. Na miƙa ki. Kika ƙanƙame wuyana kina ihu har kika shiɗe. Sau uku ana gwadawa. Ta zauna a tsakar gidan nan daga hantsi har La'asar tana kallonmu. Da za ta tashi ta ce, 'A bar ta inda ta ga uwa.' Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta riƙa kawo nono."

Wani abu ya faɗo wa Hidaya. Duk tafiyar da suka yi da Baba, in sun zo kwanar Zurgu sai ya ce Mai Haƙuri na jin ƙishirwa. Ya faka, ya buɗe gaban mota, Goggo Jannatu ta taho da ruwa a ƙwarya. Ta tsaya suna magana da Baba, ta juya wa kujerar gaba baya. Motar ba ta taɓa jin ƙishirwa a wani wuri ba.

"Kowa ya sani?"

"Manyan unguwa sun sani. Ba wanda zai faɗa."

"Yaya fa?"

"Yana yaro. Ya ɗauka ke ce waccan, muka bar shi a haka. Kuma yayanki ne, ko a gaban wane malami. Nonon da ya sha kika sha, shekara biyu cur."

"Baba kuma ya rubuta."

"Ya ce shi ba zai binne asalin mutum ba, amana ce. Na yi kuka, na yi fushi, kwana uku ban ci tuwonsa ba. Sai ya rufe da addu'a saboda ni. Ya ce kafin a ɗaura miki aure zai zaunar da ke a kujerar nan ya cire katin da hannunsa. Allah bai nufa ba." Ta juyo ta kalle ta. "Ya bar min, ni kuma na kasa. Na binne ɗaya, na binne babanku. Na ce in motar ta tafi da rubutun a goge, shi ke nan, ke tawa ce har in mutu. Na san ban kyauta ba. Tsoro ne, Hidaya. Tsoro nake ji."

Hidaya na son ta rungume ta. Tana kuma son ta buɗe ƙofa ta ruga. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"To in haka ne me ya sa ta tsane ni?"

"Wa?"

"Ita. Ba ta kallona. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In ta ba da ni ne don ba ta so, ki gaya min kawai."

Inna ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"Kai, yarinyar nan. Duk karatunki? Kin taɓa jin na kira sunan yayanki?"

Hidaya ta yi tunani.

Ba ta taɓa ji ba. "Yayanki." "Wancan." "Mai babban ɗaki." In Murtala ya shigo Inna takan sami abin kallo a cikin tukunya. Ɗan fari ne, kowa ya san kunyarsa, Hidaya da kanta ta sha tsokanar Inna a kai. Kullum tana ganin abin a cikin gidansu. Ba ta taɓa ɗaga ido ta gan shi a bakin ƙofa ba.

"Ke ce 'yar farinta," in ji Inna. "Kuma ba ta ƙara samun wani ba. Ni Bahaushiya ma ina yi, balle ita? Curin man shanun nan da kike samu a ƙasan kwanonki duk kasuwa, kin ɗauka gyara ne? Wa kika ga ana yi wa gyara da man shanu?"

"Na ɗauka naki ne."

"Ni ba na cin man shanu, yana tayar min da zuciya. Ta sani."

"Inna, shekara biyar ina ɓuya in ta zo."

"Na sani. Takan tambaya. Ba ta cewa ke. Sai ta ce, 'Mutanen ɗakin can lafiya?'"

Hidaya ta kifa kanta a dashbod. Goshinta ya manne, ba ta damu ba. Ta tuna ranar da Goggo ta miƙo mata kwano ta ƙi karɓa, ta ce a dire a ƙasa. Matar ta sunkuya ta dire.

"Me zan yi yanzu?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Inna ta ɗauko littafin daga cinyar Hidaya, ta duba layukan duk da ba ta iya karanta su, ta miƙa mata da biron. "Cika masa lissafinsa. Ashirin da uku ya ce."

Ta karɓa. Ta ɗora bakin biron a saman shafi, inda ta bar fili ba tare da ta san dalili ba. Ta rubuta sunanta. Ta rubuta Kwanar Zurgu daga ka, tunda a murfin babu ita yanzu. Ta zo kan na ukun hannunta ya tsaya.

"Salamu alaikum. Masu gida. Ga nono."

Inna ta damƙe sitiyari da hannu biyu.

Goggo Jannatu ta shigo daga zaure, ƙwarya a ka, siririya, doguwa, da ɗan ɗingishin da ta fara bara. Ta nufi tsakar gida yadda ta saba, sai ta ga ƙofofin mota a buɗe, ta tsaya.

"Lami? Ke ce a mota yau? Ikon Allah." Ta matso tana murmushi. "Ina Murtala? Na zo masa da kindirmon—"

Idonta ya sauka a kan akwatin da ke buɗe. Daga nan ya sauka a kan katin da ke cinyar Hidaya. Goggo ba ta iya karatu ba, amma ta san katin nan, ta kuma san inda yake zama. Murmushin ya tafi. Ta yi maza ta mayar da idonta ƙasa.

Hidaya ta fito daga motar. Goshinta da baƙin danƙo, littafi a hannu. Ta taka har gabanta, kusa yadda ba ta taɓa yi ba tunda ta yi wayo. Daga nan ta ga tsagar kunnen matar, da ɗan baƙin tabon da ke gefen haɓarta, daidai inda nata yake.

"Goggo."

"Na'am," Goggo ta amsa wa ƙasa.

"Ɗago ki kalle ni."

"Kawo kwano, yarinyar nan, rana na yi."

"Ba kwano. Tambaya ɗaya zan yi miki."

"Hidaya, bi a hankali," in ji Inna daga cikin mota, muryarta a karye.

Hidaya ba ta waiwaya ba.

"Goggo, mene ne sunana?"

Ƙwaryar da Goggo Jannatu ta ɗauko daga Zurgu zuwa gidan nan shekara ashirin da uku ba ta taɓa zubar da ko ɗigo ba ta karkace a kanta. Nono ya gangaro ta goshinta, ya bi kumatunta, yana ɗiga a ƙasa tsakanin ƙafafunsu. Ba ta kai hannu ta gyara ba.

Ta ɗago ido.